Alhaji Issaka Ya Je Neman Aure a Vientiane

A duk shekarun da na yi ina yankar wa mutane tikiti, ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Issaka ya turo ƙofar ofishinmu ya ce in tura shi wani gari da ni da shi babu wanda ya iya faɗin sunansa ba. A watan Maris ne na 1996. Lokacin ina shekara ta biyu a wani ƙaramin kamfanin tafiye-tafiye da ke titin Elm, a tsakiyar garin Greensboro na Amurka. Maigidana yana karatun digiri na uku, muna haya a unguwar Glenwood, kullum in shiga bas in sauka a tasha in ƙarasa da ƙafa. Mu uku ne a ofishin: Madam Doris mai kamfanin, da mataimakiyarta, sai ni ƙaramar ma'aikaciya. Duk mai babbar riga da ya shigo, teburina ake nuna masa.

Ku da kuka fara aikin nan kwanan nan ba ku ga wancan zamani ba. Tikiti na takarda ne mai jan kabon, in ya ɓace sai mutum ya gane kurensa. Kowane filin jirgi yana da haruffa uku da muke bugawa a kwamfuta, kuma matafiyi ba ya da inda zai nemi bayanin ƙasar da za shi sai a bakinmu: biza, yanayi, abinci, abin da ake yi da wanda ba a yi.

Alhaji Issaka ɗan zangon Kumasi ne, yana da garejin gyaran mota, kuma shi ke jan mu salla idan liman ba ya nan. Ya zo da ɗansa Mubarak da wata siririyar yarinya mai suna Noi, 'yar ƙasar Laos da iyayenta suka yi gudun hijira da ita tun tana goye. A masaƙa suka haɗu da Mubarak. Ta musulunta tun bara, amma mahaifinta ya rasu, ta kuma ce ba za ta yi aure ba sai kakanta da ke Vientiane, babban birnin ƙasar, ya yarda. Mubarak ya so a yi abin ta waya. Alhaji ya ce shi ba a gidansa ba: aure manya ke nemansa, ƙafa da ƙafa, da goro a hannu.

Da ya faɗi sunan garin, Madam Doris ta ji kamar Vienna ta Turai ya ce. Har ta ɗauko masa takardun talla masu hoton ƙanƙara tana ce masa ya nemi kwat mai nauyi. Noi ce ta leƙa ta ce ba nan ba ne, waccan VIE ce, tasu VTE. Ta ƙara da cewa su a can "Wiyang-can" suke kiransa.

"To, 'yata," in ji Alhaji yana kallona, "can ɗin za ni."

Hanyar kanta aiki ce. Daga nan zuwa wani babban filin jirgi, sai Tokyo, sai Bangkok a kwana, da safe a hau ƙaramin jirgi a tsallaka kogin Mekong. Biza kuma sai na aika fasfo ɗinsa da na Mubarak ofishin jakadancin Laos a Washington tare da takardar gayyata daga dangin Noi. Alhaji ya kafe sai ya je ya dawo kafin Babbar Salla, wadda ta faɗo ƙarshen Afrilu a shekarar. Da na haɗa lokacin biza da kujerun da suka rage, sai tsakiyar Afrilu ta rage mana. Ina faɗin haka na ga Noi ta rufe baki da hannu.

Madam Doris tana da doka: duk wanda za shi ƙasar da bai sani ba, sai an zaunar da shi an yi masa bayani kafin a miƙa masa tikiti. Ni ban san komai a kan Laos ba, don haka na roƙi Noi ta zo ranar. Matsalar ita ce Alhaji ba ya magana da surukarsa kai tsaye, saboda kunya. Ya juya kujerarsa yana kallon taswirar bango, ita tana zaune a bayansa. Ya iya Turanci sarai, yana jin duk abin da take faɗa, amma sai ya jira na maimaita da Hausa kafin ya amsa.

Ta ce a cire takalmi kafin a shiga gida. Na faɗa masa. Ya ce, "Wannan ai tarbiyya ce." Ta ce kada ya miƙe ƙafa ya nuna wa mutum tafinta, kada kuma ya shafa kan yaro ko da wasa ne. Ya ce, "Ei! To ta ina ake sa wa yaro albarka?" Ta ce ba a musabaha, haɗa tafin hannu ake yi a ƙirji. Ta ce shinkafarsu mai danƙo ce, da hannu ake mulmula ta a dangwala miya. Nan ya ɗan saki fuska ya ce, "Tuwo ke nan. Mutanen nan sun san abinci." Ta ce ya yi hattara da nama, akwai alade da yawa, ya tsaya kan gasasshen kifi, kuma akwai ɗan masallaci a tsakiyar gari inda 'yan kasuwar Indiya ke salla. Ta ce kada ya ɗaga murya ko an ɓata masa rai, don a wurinsu mai faɗa a bainar jama'a kansa ya zubar wa mutunci.

Sannan ta zo kan babbar maganar. Ta ce kwanakin da za su sauka su ne bikin sabuwar shekararsu, kuma kowa watsa wa kowa ruwa yake yi a titi, da bokiti da kwano da tiyo. Ta ce ya sa tsofaffin kaya. Na faɗa masa kalma da kalma.

"Yara ke nan," ya ce. "Wa zai watsa wa dattijo ruwa?"

Noi ta ce dattijai ma an fi yi wa, girmamawa ce. Na faɗa masa. Ya ce wa taswirar, "Ki gaya mata ba su ga dattijo ba ne kuraa, ko kaɗan. Zan je neman aure da tsumma?" Ya nuna mini cewa ya riga ya kai farar shaddarsa an buge ta, ta sha sitaci.

Shi da Mubarak suka tashi, Noi ta tsaya a Greensboro. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina cikin kama wa wasu ɗakin otal, wayar ofis ta yi ƙara. Madam Doris ta ɗaga, ta janye ta daga kunnenta, ta ce, "Binta, naki ne, kuma ina jin gobara ake yi."

"'Yata! Ki canza mini tikiti. Gobe zan dawo. Auren nan an fasa!"

Na ce, "Baba Alhaji, sannu. Me ya faru?"

Ashe sun fito daga otal ya ci ado, rawani da babbar riga, goro a ƙunshe, suka hau a-daidaita-sahun garin, wadda ba ta da ƙofa ko tagar da za a rufe. Ba su yi nisa ba wata tsohuwa ta yi masa murmushi, ta haɗa hannu ta gaishe shi, shi ma ya haɗa nasa kamar yadda aka koya masa, sai ta juye masa bokiti tun daga rawani. Daga nan kowace kwana sai an ƙara masa. Wasu samari suka shafa masa farar hoda a kumatu. Kafin su isa, sitacin ya narke, rigar ta manne masa a jiki, takalmin yana kuka. Haka ya shiga gidan surukai yana ɗiga. Kakan Noi ya dube shi ya yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan ya sa jikokinsa suka kawo kwanon azurfa da furanni a ciki, suka ƙara zuba masa a hannu.

"Sun wulaƙanta ni paa," ya ce. "Ban ce komai ba, tunda an ce kar in ɗaga murya. Na tashi na fito." A bayansa ina jin Mubarak yana ta ba shi haƙuri da Turanci.

A aikinmu, idan mai tikiti ya ce a canza, canzawa ake yi. Na buga kwamfuta yana kan layi. Babu kujera ko ɗaya daga Vientiane sai an gama biki, na kuma gaya masa gaskiya. Ya ce zai tsallaka gada ya shiga Thailand ya hau jirgin ƙasa. Na ce can ma bikin suke yi, kuma nasu ya fi zafi. Madam Doris tana yi mini alama da hannu cewa kiran ƙasar waje ne, in gaggauta. Ni kuwa tunanin Noi nake, wadda tun safe ta kira sau biyu tana tambaya ko an ji labari.

Na ce, "Baba Alhaji, in tambaye ka. Shi tsohon, a bushe ka same shi?"



"A jiƙe yake sharkaf," ya ce a hankali. "Har da hodar. Shi a goshi ma aka shafa masa."

"Matarsa fa?"

"Ita ta fi shi." Sai na ji wani sauti kamar tari. Dariya ce yake ƙoƙarin dannewa, ta ƙi dannuwa. Ya ce, "Ki bar tikitin nan yadda yake," ya kashe wayar.

Washegari ya koma gidan surukai da rigar wasan ƙwallo ta Mubarak. Sauran labarin da ya dawo ne ya ba mu, yana zaune a gaban teburina. Ya miƙa goro, kakar Noi ta ɓantara ta tauna ta ce ya yi mata sanyi, ta ba shi nasu abin taunawar, wani ɗan itace da ake naɗewa a ganye da farar ƙasa. Don kada ya ƙi kyautar surukai ya jefa a baki, sai da ɗakin ya juya masa, bakinsa ya yi jawur kamar ya sha jini. Da suka zo ɗaura masa farin zare a wuyan hannu, irin albarkar da suke sa wa baƙo, ya ba su haƙuri ya ce addininsa bai ba shi ba. Tsohon bai ji haushi ba, ya ɗaura a hannun akwatinsa. Shi kuma ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a da Hausa, duk gidan suka yi tsit har ya shafa. A nan tsohon ya ce ya ba su Noi. An ɗaura auren bayan salla, Madam Doris ta je har da ɗaurin ɗankwali a karkace.

Abin da na koya, nake kuma so ku riƙe, shi ne: ku faɗa wa matafiyi duk abin da kuka sani, amma kada ku sa rai zai ji. Mutum ba ya jin shawarar tafiya sai ya isa. Kuma idan ya kira ku daga wata uwa duniya yana ihu a dawo da shi gida, kada hannunku ya riga kunnenku zuwa. Mafi yawansu ba kujerar jirgi suke nema ba. Wanda zai saurare su da harshensu suke nema, har su gama faɗin abin da aka yi musu, su ji da kunnensu yadda labarin yake.