Ruwan Sama a Muryar Iliya

Har yau ban manta da safiyar da mahaifiyar Iliya ta zo ofishinmu na Funtua tana neman ɗanta ba, muka ce mata ai yanzu muka gama jin muryarsa. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna ƙorafin tambayar da ake yi muku a taron safe, to ga inda ta samo asali.

Ni dillalin masara ne da taki. Da leburanci na fara a kasuwar Bakori, har Allah ya sa na mallaki sito nawa. Da wannan kamfani ya zo zai gina manhajar da manomi zai sayar da amfaninsa ta waya, sai suka ɗauke ni mai ba da shawara, don su sun san kwamfuta, ni na san manomi. Shugabar aikin ita ce Malama Rifkatu, 'yar Malumfashi, manajar manhajar. Ba ita ke rubuta manhajar ba. Ita ke sauraron abin da manoma ke so, ta yanke abin da za a fara ginawa da wanda zai jira, ta kuma kawar da duk abin da ya tsayar da ma'aikaci.

Kowace safiya muna taron tsaye. Ba a zama, don kada a daɗe. Kowa zai faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare shi in akwai. Malama Rifkatu ta hana doguwar gaisuwa, kuma ni ne dalili. A makon farko sai da na tambayi kowa gida da gajiya da damina, ta yi dariya ta ce, "Baba Alhaji, in muka biye maka, a nan azahar za ta same mu." Aka bar gaisuwa a bakin ƙofa. Wanda yake ƙauye inda sabis ba ya kamawa, an yarda ya turo saƙon murya, a kunna idan layi ya zo kansa. Wanda bai turo ba, ba ya aiki ke nan a ranar.

Iliya ɗan Kafur ne, cikin masu rubuta manhajar, mai surutu da tsokana, shi ya laƙaba mini Injiniyan Buhu. A daminar nan aka tura shi ƙauyukan bayan Tsiga ya zauna da manoma ya ga yadda suke fama da manhajar a wayoyinsu. Kullum saƙonsa na shigowa a kan lokaci. Malama Rifkatu ta ɗora wayarta a kan tebur daidai inda yake tsayawa, ta kunna. Ya ce jiya ya gwada da manoma, yau zai ci gaba, babu abin da ya tare shi. Mu wuce zuwa na gaba.

Ranar da tsohuwar ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa da gyalenta, ta ƙi zama. Ta ce Lahadi ta wuce bai kira ta bayan coci ba, abin da bai taɓa yi ba, wayarsa kuma a kashe. Muka kwantar mata da hankali, muka ce sabis ne. Malama Rifkatu ta sake kunna mata saƙon ranar. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Muryarsa ce. Amma ba da kowa yake magana ba." Ta juya ta tafi.

Maganar ta tsaya wa Malama Rifkatu a rai. Da aka watse ta kira ni gefe. Ta ce Iliya bai taɓa kwana biyu bai kawo mata ƙorafi ba, ko fetur, ko caji, ko wani manomi ya danna abin da ya goge komai. Mutumin da ke cikin ƙauye ya ce kullum babu abin da ya tare shi, a wurinta wannan ba labari mai daɗi ba ne. Ta kunna saƙonnin a jere, muka kasa kunne. A bayan muryarsa akwai ƙarar ruwan sama a kan kwano, da wata kurciya da ke kuka daidai lokacin da ya ce "manoma". Na jiya haka, na shekaranjiya haka. A lokacin kuwa an shiga fari. Masara ta naɗe ganye daga Bakori har Kafur, ana ta roƙon ruwa a masallatai da coci-coci. Ta dube ni ta ce, "Baba Alhaji, an yi ruwa a Tsiga?" Na kira wani mai sayo mini masara a can, ya ce rabonsu da ɗigo tun kafin a zuba taki karo na biyu.

Washegari da sassafe muka ɗauki hanya a motata. Muka bi ƙauyukan da aka tura shi muna tambaya. Wani mai faci ya ce kwanakin baya, ranar ruwan ƙarshe, an tsinci wani baƙo ya faɗi da babur a gangaren wata gada, babu waya a jikinsa, babu wanda ya san shi, aka kai shi wani ƙaramin asibiti a hanyar Malumfashi.

Shi ne. Yana kwance an naɗe masa kai, ido a rufe, leɓe ya bushe. Ma'aikaciyar jinyar ta ce tun da aka kawo shi bai furta ko kalma ɗaya ba, mutanen gari ne ke ta ɗawainiya da shi. Muna tsaye a kansa, ni a dama ita a hagu, kamar yadda muke tsayawa a ofis, sai wayar Malama Rifkatu ta yi ƙara. Lokacin taro ya yi. Ban san dalilin da ya sa ta danna ba, ina jin hannunta ne ya saba. Muryar Iliya ta cika ɗakin, garau, ruwa na zuba a bayanta: "Jiya na gwada da manoma, yau zan ci gaba, babu abin da ya tare ni." Kurciyar ta yi kukanta. Bakinsa bai motsa ba. Ma'aikaciyar ta ja da baya tana salati.

Daga baya abokan aikinsa suka gano abin da ya faru. Iliya ya ji tsoron wata rana sabis zai hana shi turo saƙo a ce ba ya aiki, sai ya naɗi muryarsa a zama ɗaya, ya rubuta wani ɗan tsari da zai riƙa turowa da kansa duk safiyar da bai turo sabo ba. Shi kaɗai ya san inda ya ajiye tsarin, don haka ba a iya tsayar da shi ba. Muka mayar da shi babban asibiti, mahaifiyarsa na gefensa, saƙon kuma na shigowa kowace safiya. Malama Rifkatu ba ta ƙara kunnawa ba, amma duk muna jin ƙarar shigowarsa. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da ba a same shi ba. Allah ya tashi kafaɗunsa, ko da yake har yau maganarsa a hankali take fita.

Malama Rifkatu ba ta soke taron ba, kuma tana da gaskiya, yana da amfani. Abu ɗaya ta ƙara. Duk wanda yake nesa, sai ta yi masa tambayar da bai san da ita ba, ya amsa a ranar: me ka karya da shi, wa ka fara gani da ka fito, an yi ruwa a wajenku? Ba ta ba kowa wannan aikin ba, don ta ce ita ce mai kula da abin da ya tare mutane.

Abin da na koya shi ne taron nan na jin aiki ne, ba na jin mutum ba, sai in wani ya ɗauki nauyin tambaya. Ranar da Iliya ya dawo, ya tsaya a wurinsa, Malama Rifkatu ta ce masa, "Iliya, ina kwana?" Muka tsaya muna jira har ya haɗa amsar. Babu wanda ya duba agogo.