Ranar da Daeng Sikki Ya Kwanta a Bakin Aiki

Duk wanda ya saba bin hanyar tashar jiragen ruwa ta garinmu da safe ya san Daeng Sikki. Shi ne siririn dattijon nan da ke tsayawa a rumfar mai kofi ya sha baƙi da soyayyar ayaba, ya tashi ya bar hularsa a kan benci, ya dawo ɗaukarta ya bar ashana. Jikokinsa sun gaji da gyara masa sunayensu, yanzu duk sunan da ya kira, wanda ya fi kusa ne ke amsawa. A tudu dai, tsakani da Allah, ba mutumin da za ka aika kasuwa da saƙo biyu ba ne. Amma da zarar ya taka dandamalin aiki, faffaɗan jirgin nan da masu nutso ke sauka ruwa daga kansa, sai ya zauna ya jawo tiyon iska ya bi shi da tafin hannu tun daga bakin inji har ƙarshe, yana lalube kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ko mai kamfani ne ya yi masa magana, ba zai ɗago ba sai ya gama.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma har yau rabin garin ba su san mene ne aikin ba. Ba ya nutso, ba ya tuƙi, ba ya walda. 'Yarsa ma in aka tambaye ta, cewa take yi, "Yana riƙe wa mutane tiyo." Kuma gaskiyarta. Mai nutso in ya sauka, numfashinsa da muryarsa duk ta jikin tiyon nan suke bi. Daeng Sikki ne ke sakar masa in ya yi gaba, ya naɗe in ya dawo, kada ya yi tsauri ya fizge shi, kada ya yi sako-sako ya sarƙe. Masu nutso sun sha faɗa mini cewa yakan gane mutum ya gaji tun kafin shi mai gajiyar ya sani. Sai ka ji ya ce, "Fito haka nan, tiyonka ya fara ƙarya." In ka tambaye shi yadda tiyo ke ƙarya, sai ya dube ka a ruɗe, kamar kai ne ka faɗi abin mamaki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a kan babban jirgin nan na masu yawon shaƙatawa, otal sukutum mai hawa-hawa, wanda ya daki dutse a bayan tsibirinmu ya kwanta a kan gefensa na dama. Masunta suka kwashe yawancin mutanen ciki, Allah ya ji ƙan waɗanda ba su fito ba. Daga nan jirgin ya zame mana maƙwabci, damina ta zo ta wuce ta sake zuwa yana nan kwance, masu nutso na shiga suna fita, ana shirin tayar da shi.

Jirgin da ya kwanta a gefe, komai na cikinsa a birkice yake. Bango ya zama daɓe, ƙofa ta zama murfin rami, fitilun rufi sun koma gefe. Da farko duk wanda ya shiga sai ya fito kansa na juyawa. A hankali suka saba, har suka raɗa wa wurare suna. Akwai doguwar baranda da suke tafiya a kan bangonta, suna taka hotunan ado da ƙarfen dafawa, suka sa mata Titin Hotuna. Akwai wani lungu da a da yake ratsa jirgin daga wannan gefe zuwa wancan, da jirgin ya kwanta sai ya miƙe tsaye, suka yanka masa ƙofa a sama suka kira shi Rijiya. Daeng Sikki bai taɓa leƙa ciki ba ko sau ɗaya, amma ya san wuraren nan ta bakin masu nutso da ta tsawon tiyon da ya bi ta hannunsa, fiye da yadda ya san lungunan unguwarsu.

Sai ranar tayarwa ta zo. Aka ɗaura sarƙoƙi, aka liƙa manyan tankuna a gefe, aka yi ta ja a hankali har jirgin ya miƙe ya zauna daram a kan gadon ƙarfen da aka gina masa a ƙarƙashin ruwa. Gari ya kaure da murna, 'yan jarida suka cika tasha. Ba za ka ga Daeng Sikki a ko hoto ɗaya ba. Yana can gefe yana kallon jirgin, ransa ba daɗi, shi kansa bai san dalili ba. Ya ce da mai dafa wa ma'aikata abinci ji yake kamar ya dawo daga tafiya ya tarar an juya masa ƙofar gida.

Ba a daɗe ba, wata safiya, aka tura Jumaing ya rufe wata ƙofar ƙarfe a hawan ƙasa, inda har lokacin ruwa ne cike. Jumaing magidanci ne, gwanin nutso, ya shekara yana yawo a cikin jirgin nan. Ya shiga ta baya, ya bi Titin Hotuna, tiyo na zarewa lafiya lau. Can sai Daeng Sikki ya ji wani abu ya girgiza a tafin hannunsa.

"Daeng," muryar Jumaing ta fito daga akwatin magana, "wani abu ya rufto a bayana. Ja mu gani."

Daeng Sikki ya ja. Tiyon ya ƙi motsi. "Kai ne ka yi ƙiba, ko me?"

"Bar wasa, Daeng. Katanga ce ta faɗo a kan tiyon, ta toshe hanya. Laka ta tashi, ko hannuna ba na gani. Iskar ma tana zuwa kamar ana yi mini rowarta."

Bu Irma, injiniyar da ke shugabantar aikin, ta iso da zanen jirgin a hannu. Mace ce da ba ta ɓata lokaci. "Daeng Sikki, akwai wata mafita kusa da shi?"

"Rijiya, Bu. Ƙofar da muka yanka tana nan a buɗe."

Nan take ta tura Sattu, mai nutso na biyu, ya je ya jira a bakin ƙofar ta waje. Kowa a dandamalin ya san yadda lamarin yake. Jumaing na da 'yar kwalbar iska a bayansa, wadda za ta fitar da mutum in ya san hanya, amma ba za ta ishe shi neman hanya ba. Kuma da zarar ya cire tiyon, muryarsa ta yanke, ba mai sake gaya masa komai. Dole ya sami bakin Rijiya tukuna, kafin iskar tiyon ta ɗauke.

"Jumaing, ɗaga hannu sama," in ji Daeng Sikki. "Rijiya tana bisa kanka."

"Rufi ne, Daeng."

"Matsa gaba kaɗan."

"Rufi ne. Ga fitila ma na taɓo."

"Wace irin fitila a sama? Ai fitilu a bango suke."

"To yau dai a sama suke."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Daeng Sikki. Jirgin da yake ba da kwatancensa babu shi. An tayar da shi, shi da kansa ya tsaya ya kalla, amma kansa bai tashi tare da jirgin ba. Ya yi ƙoƙarin juya abin a zuci. Sama ya koma hagu ke nan? Hagun wa, na jirgi ko na Jumaing? In ƙasa ta zama bango, ina bangon ya tafi? Duk inda ya kamo sai ya suɓuce.

Bu Irma ta duƙa ga akwatin. "Jumaing, lungun yana gefen hagu na jirgin, in kana fuskantar gaba."

"Bu, na juya ya fi a ƙirga. Ban san ina ne gaban ba, balle hagunsa." Numfashinsa ya fara fita da sauri, kowa na ji. "Daeng, ban san wurin nan ba. Wallahi ban taɓa zuwa nan ba."

Wurin da ya shekara yana bi ne. Daeng Sikki ya ɗaga kai ya dubi jirgin a tsaye, ƙato, baƙo, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba a bakin aiki. Ya karkata kai gefe. Ya ƙara karkatawa. Sai kawai aka ga dattijo ya zube a kan dandamali ya kwanta a gefensa, tiyo a hannu. Mai dafa abinci ya sheƙo da man shafawa yana salati, ya zaci zuciya ce ta buga. Daeng Sikki ya yi tsaki, ba don shi ba, don jirgin ya kwanta masa ta inda bai taɓa kwanciya ba. Ya mirgina ya koma ɗaya gefen. Yauwa. Ga jirginsa nan, kwance yadda ya san shi.

Bu Irma ba ta gane abin da yake yi ba, ta faɗa mini haka da bakinta. Amma ta kori mutane daga kansa, ta durƙusa ta riƙe masa abin magana a baki.

"Jumaing, kwanta."

"Daeng, ƙalau kake kuwa?"

"Ni ma a kwance nake. Lalubo bangon hotuna, wanda kuka saba takawa. Ɗora ƙafafunka a kai, ka tsaya a kansa kamar da. Kada ka bi ta kumfar numfashinka da ke tashi sama, yau ba ta san hanya ba."

Daeng Sikki ya ji motsin ɗan guntun tiyon da ya rage wa Jumaing ba ya isowa hannunsa, katanga ta raba su, amma bai daina sauraro da yatsu ba.

"Ga ƙarfen dafawa a ƙarƙashin ƙafata," in ji Jumaing a hankali. "Ga hoto... Daeng, tsaya. Ai nan ne inda Sattu ya yar da guduma. Na gane wurin."

"To yi gaba yadda ka saba, ka ɗaga hannu."

Jumaing ya yi gaba, ya ɗaga hannu. "Babu rufi. Rijiya ce."

"Cire tiyon ka hau."

"Daeng, in ban..."

"In ba ka me ba? Matarka ta aiko da gasasshen kifi, ba ni zan mayar mata da kwano ba. Hau."

Akwatin ya yi ƙaras, ya mutu. Tiyon da ke hannun Daeng Sikki ya zama tiyo kawai, ba kowa a ƙarshensa. Wani ya ce masa ya tashi, ai ba abin da ya rage ya riƙe. Bai ko kula ba. Yana kwance a gefe, kuncinsa a kan ƙarfe mai zafi, leɓɓansa na motsi, yana bin Jumaing a zuci ƙofa bayan ƙofa. Ba wanda ya iya faɗa mini tsawon jiran nan, kowa da nasa lissafin. Abin da duk suka yarda a kai shi ne kawuna biyu sun ɓullo a gefen jirgin, Sattu na riƙe da wuyan rigar Jumaing, kuma kwalbar da aka cire daga bayansa ba ta da sauran abin da za ta ba kowa.

Daeng Sikki bai tashi ba. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga jikin tiyon, sun sandare. Da Jumaing ya farfaɗo ya rarrafo ya rungume shi, su biyu suna kuka a ƙasa, mutanen ƙaramin jirgin da ya kawo ɗauki suka rasa wanne ne aka ceto, har suka fara ɗaukar dattijon.

Daeng Sikki, kai ne wanda ba ya shiga ruwa amma kullum yake fitowa a gajiye. Kai ne wanda mata da yawa a garin nan suke barci saboda shi ba tare da sun san fuskarsa ba. Na tambaye ka yadda dabarar ta zo maka, ka ce ba dabara ba ce, kai ma ɓata ka yi, ka ga gara ka ɓata tare da shi da ka tsaya a tsaye kana ba shi kwatancen da ba zai gane ba. Ban san ko ka ji nauyin abin da ka faɗa ba, don a lokacin kana ta dube-duben inda ka ajiye kofinka.

Mun gode, Daeng. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya warkar da yatsun nan da aiki ya tanƙwara. Ku kuma da wani ke numfashi ta hannunku, a asibiti ne ko a aji ko a gida, in kun ga ya ruɗe, ku sauko inda yake ku duba da idonsa, ko da mutane za su zaci kun faɗi ne.

An ja jirgin an tafi da shi tuni, amma aikin ruwa bai ƙare ba. Farkon wata mai zuwa Jumaing zai sauka a wani wurin, wani hannun ne zai riƙe masa tiyo. Ya ce mini har yanzu ya rasa ta inda zai fara gaya wa matarsa cewa ba Daeng Sikki ne zai riƙe masa ba.