Ranar da Jirgin Surukina Ya Sauka Kan Rumbu

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta su, amma ranar da na tayar da jirgin surukina ba za ta taɓa fita raina ba. Shekaru sun shuɗe, har yau idan na tuna sai in rasa abin da ya dace, dariya ko istigfari.

Ni mai gyaran rediyo da fanka ne a Talata Mafara. Mutane suna kirana Injiniya, tun ina jin nauyin sunan har na fara yarda da shi. Surukina kuwa, mahaifin matata, mutumin Bakura ne, tsohon mai fataucin shanu, mai kwarjini, ba ya yawan magana. Sau ɗaya ya je Hajji, aka zaunar da shi bakin tagar jirgi daidai fiffike, ya ga yadda ƙarfe yake buɗewa yana rufewa a cikin gajimare. Tun daga nan ba shi da hirar da ta wuce ta jirgi. Babban ɗansa da ke aikin tuƙi a ƙasar Larabawa ya ga wani ƙaramin jirgi mai tashi da batir a kanti, ya tuna da tsohon, ya aiko masa.

Wata Juma'a aka aiko in je Bakura. Na tsuguna a bakin zaure muka yi doguwar gaisuwa, idona a ƙasa. Ya turo mini wani dogon kwali da sandarsa.

"Injiniya, sun ce wanga abu shina tashi sama kamar na gaske. Ka iya shi?"

Ban taɓa ganin irinsa ba ko a mafarki. Amma ta yaya mutum zai buɗe baki ya ce wa surukinsa bai iya ba? Sai na ji bakina yana cewa, "In sha Allahu, Baba, ba zai gagara ba."

"Madalla. Idanun nan nawa sun hwara yana. Ina son in gan shi sama tun ina da sauran gani."

Wannan maganar ita ta ɗaure ni.

Da na buɗe kwalin a rumfata, kaina ya fara juyawa. Jirgin ya kai tsawon hannuna da rabi, launin toka, siffarsa irin ta jirgin yaƙi, amma ba shi da nauyi, don jikinsa na farar kumfar nan ce mai tauri da ake tallafe talabijin da ita a kwali. Babu farfela a waje. Fankarsa tana can cikin ciki, tana zuƙo iska ta gefe ta feso ta baya. Batirin kamar sabulun wanki, da jela biyu. Ga rimot mai sanduna biyu da maɓallai barkatai. Takardar bayani kuwa rabi rubutun Sin, rabi Turanci ƙanana kamar ƙafar kiyashi.

Kwana tara na yi a kansa. Wayoyi biyar ne, bakinsu iri ɗaya, ramukansu iri ɗaya. Idan na jona su na taɓa sandar hagu sai jela ta motsa, idan na sauya sai fiffike ya motsa, kuma babu mai gaya mini wanne ne daidai. Na nemi bidiyo a waya. Wani Bature ya ce sandar hagu ce ta wuta, wani ya ce ta dama ce, kowannensu kuma jirginsa yana tashi lafiya. Wani ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu ya ce sai ya daidaita kamar sikeli, na gwada, nawa ya yi ta sunkuyar da hanci, na yi ta matsar da batir gaba da baya ban san inda zan tsaya ba. Na kira wan matata da ya aiko shi, ya yi dariya ya ce, "Ni ma a kwali na gan shi." Ranar da na fara ba shi wuta a cikin rumfa, ya ƙwalla wata ƙara mai tsini, ya share duk kusoshin da ke kan teburina, telan da ke maƙwabtaka da ni ya fito a guje da almakashi a hannu.

Matata ta lura ba na cin abincin kirki. Ta ce, "Ka gaya wa Baba gaskiya mana. Ai ba yanka ka zai yi ba."

Na ce, "In ce wa mahaifinki na kasa? Bar ni kawai, na kusa gane shi." Ban kusa ba. Abin da na gane shi ne yadda zai tashi. Yadda zai sauka kuwa, na ce idan an je can a gani.

Ranar Lahadi da hantsi tsohon ya sauka a tashar Mafara. Ya ce kada a tara mana mutane, don haka mu biyu ne. Na goya shi a babur, shi kuma ya rungume jirgin a cinyarsa kamar ɗan akuya. Muka nufi gonakin rani da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wajen da ƙasar Mafara take kusantar ta Maradun. An gama yankan shinkafa, fili ya buɗe fetal, ga wata miƙaƙƙiyar hanyar jar ƙasa a gefen magudanar ruwa.

Na ajiye jirgin a kan hanyar, na jona batir, ya yi ɗan kukan tsuntsu. Na yi bisimilla na tura sanda. Ya ƙwalla ƙara, ya zura a guje, na ja ɗaya sandar baya kamar yadda na gani a bidiyo. Wallahi sai ga shi a sama. Tsohon ya ce, "Allahu akbar!" Ni ma na ji wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Wannan daɗin bai kai tsawon karanta Fatiha ba.

Abin da bidiyo bai nuna mini ba shi ne saurinsa. Kafin in haɗiye yawu ya zama kamar kurciya. Na danna hagu, ya kwanta, ya yi kwana ya fuskanto mu. To ashe idan jirgi yana zuwa wajenka, hagunka ita ce damarsa. Na danna dama don ya kauce, sai ya ƙara karkatowa kanmu. Na danna hagu, ya juya ciki sama. Ya wuce ta kanmu da ƙara har hular tsohon ta faɗi, sannan ya miƙe gabas, cikin idon rana.

"Ina shi ke? Injiniya, nuna mani!"

Hawaye sun cika mini ido saboda hasken. Na yi ta lalube a sama har na hango wani ɗigo baƙi yana shawagi. Na ce, "Ga shi can, Baba!" Na danna hagu, ya yi hagu. Na ja baya, ya ƙara sama. Hankalina ya fara kwanciya, har ina yi wa tsohon bayanin yadda ake kwana. Sai kawai ɗigon ya kaɗa fukafukai. Shirwa ce. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina tuƙa shirwa ba. Na kasa kunne, babu ƙarar jirgi ko kaɗan.

Muna tsaye cirko-cirko sai muka jiyo ihu daga nesa, sannan ƙarar bindiga sau ɗaya.

Tsohon ya ce, "Mu tahi."

Muka haye wata 'yar gada muka bi turba zuwa wani ƙauye a ɓangaren Maradun. Tun kafin mu isa na san akwai matsala. Ga takalma warwatse a hanya, ga ƙwarya a kife, ga tukunya tana tafasa a kan murhu babu kowa kusa. A shekarun nan mutanen ƙauyukanmu da ido ɗaya suke barci. Ana ta raɗe-raɗin cewa ɓarayin daji suna turo ƙananan na'urori masu tashi su leƙa gari kafin su kawo hari, wasu kuma tsoronsu jirgin yaƙi ya yi kuskure a kansu. Na san duk wannan. Amma cikin kwana taran nan, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Maza suka fito daga bayan itatuwa da adduna da gorori da bindigogin toka. Ga ni da rimot rataye a wuya. Ban san lokacin da aka fizgo ni daga kan babur ba. Kowa yana magana lokaci ɗaya. "Wa ya aiko ku?" "Hoto kuke ɗauka?" "Su nawa ne bayanku?" Na fara bayanin fanka da batir da ƙasar Larabawa, ni kaina ban gane abin da nake faɗa ba. Can na hango jirgin. Ya soke hancinsa a jinkar wani rumbu, jela a sama, yana ta ɗan kukan nan nasa.

Wani ya ɗaga murya, "A kashe shi! A kashe shi yanzu!"

Na durƙushe ina kalmar shahada. Daga baya aka ce mini jirgin yake nufi, wai a kashe ƙarar. Wataƙila haka ne. Har yau ban tabbata kowa a wurin haka ya fahimta ba.

Mai garin ne ya ratso taron, dattijo siriri. Ya tsaya ya ƙura wa surukina ido, sannan ya ce, "Alhaji? Ba kai ne munka sayar wa bijimai ba shekarun baya?"

"Ni ne. Abin nan nawa ne, abin wasa ne ɗana ya aiko mani. Wanga mijin ɗiyata ne, ni na sa shi. Wanda duk ke da magana, shi yi da ni."

Aka sassauta mini riƙo. Wani magidanci, mai rumbun, ya jingina tsani zai hau ya sauko da shi. Mai gari ya dakatar da shi, ya juyo wajena.

"Kai ne ka san shi. Abin nan shina hwashewa?"

Kowa ya zuba mini ido, har da surukina. Amsar da ta zo bakina ita ce a'a, don ita ce za ta kwantar da hankali ta kuma rufa mini asiri. Amma tsoro ya riga ya wanke mini duk wata ƙarya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban sani ba. Ban taɓa tayar da irinsa ba sai yau. Ban iya ba."

Ban yarda na kalli inda tsohon yake ba.

Mai gari ya ce, "To tunda ba ka sani ba, kowa shi ja baya."

Mai rumbun ya bar tsanin ke nan, bai yi taku goma ba, sai wani farin hayaki mai wari ya turnuƙe daga cikin jirgin, wuta ta feso kamar an hura zuga. Batirin ne ya huje da ya faɗi. Da na ce a'a, da a fuskar bawan Allah nan za ta tashi. Jinka ta kama. Mutanen da suka riƙe ni ɗazu suka sake ni, muka ɗauki dogayen sanduna tare muka cira jinkar muka wurgo ta ƙasa, aka yi ta zuba mata ƙasa har ta mutu. Dammunan gero na sama sun babbake, sauran Allah ya tsare. Jirgin kuwa ya narke, ya zama wani baƙin dunƙule mai wari.

Na mayar da tsohon tashar Mafara. Sai da zai shiga mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Rabin laihin nawa ne. Na tambaye ka a inda ba ka iya ce mani a'a." Na tsuguna kawai har motar ta tashi.

Bayan kwana uku na koma ƙauyen da ciyawa da igiya don a yi sabuwar jinka. A ranar na ji cewa wata tsohuwa ta karye a hannu lokacin gudun, ta faɗi a bakin magudanar ruwa tana janye da jikokinta. Aka kai ni wurinta. Tana zaune a tabarma, mai ɗori ya ɗaure hannun da karare. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ne mai jirgin. Ki gafarce ni don Allah."

Ta daɗe tana dubana, babu fushi a fuskarta, sai mamaki.

"Sun ce wai wasa kuke yi. Da gaske ne?"

"Da gaske ne, Inna."

"To alhamdu lillahi. Ni na aza ranarmu ce ta zo." Ta gyara hannun a cinyarta, ta ce, "Ashe akwai masu sauran wasa a ƙasar nan. Tahi, ɗana, na yahe maka."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ranar nan ta koya mini bai wuce biyu ba. Kunyar da za ta hana ka cewa ba ka sani ba, ba ladabi ba ce, girman kai ne ya yafa mayafin ladabi, kuma sau da yawa ba kai za ka ji ciwonta ba, wani can da bai san hawa ba bai san sauka ba shi zai ji. Na biyu kuma, kafin ka saki wani abu sama, ko jirgi ne ko magana, ka fara tunanin waɗanda ke ƙasa, da halin da suke ciki.