Pak Darmaji Ba Ya Sayen Manhaja

A unguwarmu ta bayan kasuwar Delanggu ba wanda bai san Pak Darmaji ba. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a kan takardun mutane, ya yi ritaya da tsuntsu mai kuka a keji da wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗaukar zafi kamar dutsen guga. Aƙidarsa ɗaya ce a duniya: duk wanda ya biya kuɗi don abin da ke cikin intanet, wayo ne bai ishe shi ba.

Shi ne mai ɗaukar bidiyon danginsu. Ba wanda ya naɗa shi. Biki, kaciya, ƙaramar sallah, wayarsa na sama, shi yana ƙarƙashinta yana ba da umarni.

Saura kwana takwas a yi sadakar kwana dubu ta mahaifiyarsa, Mbah Sarinem, sadaka ta ƙarshe da ake yi wa mamaci a wajenmu, sai ga yayarsa Mbak Warsini daga Sragen.

"Ji, shekara goma kana cusa mana waya a hanci," ta ce, don a gida Ji suke kiransa, mahaifiyarsu kuma Mbok. "Ka haɗa mana na Mbok wuri guda, a saka a talabijin bayan addu'a. Fuskarta ta fara ɓace mini. Jiya na rufe ido na neme ta, zanenta kawai na gani."

"Aikin rabin yini ne, Mbak."

"Akwai mai shago a bakin kasuwa, rupiya dubu hamsin yake..."

"Dubu hamsin? Don ya danna abin da ni ma Allah Ya ba ni yatsan dannawa?"

Guntayen bidiyon daga waya huɗu suka fito, kowace da irin nata. Talabijin ɗin gidan kuwa iri ɗaya tak yake karantawa, sauran sai ya ce bai san su ba. Dole a haɗa su, a kuma juya su zuwa wanda yake so. Pak Darmaji ya sayi sabon littafi, ya ja layi da rula, ya shiga sauke manhajojin kyauta yana ba su maki kamar alƙalin gasar tsuntsaye.

Ta farko ta haɗa komai tsaf, sannan ta manna tambarinta a tsakiyar hoton.

Matarsa Bu Lastri ta leƙo. "Pak, mai kamfanin nan danginku ne? Na ga sunansa a goshin kowa."

Ta biyu ta kwantar da mutane a gefe guda.

"Madalla. Sai a ce wa baƙi kowa ya taho da matashin kai, a kwance za a kalla."

"Bu, ba ki da aiki a kicin ne?"

"Ina da shi. Wannan ya fi daɗi."

A ta uku murya ta ƙi bin hoto: liman ya buɗe baki, sai ka ji kukan tsuntsu. Ta huɗu ba ta haɗa komai ba, amma ta cika masa kwamfuta da tallan maganin sanƙo, abin da ya ɗauka a matsayin cin mutunci na musamman.

Sai a kwana na shida ya dace da wata manhajar. Ba tambari, ba talla, talabijin ya karɓa ba gardama. Sharaɗinta ɗaya: minti biyar kawai take fitarwa, wanda ke son ƙari ya biya. Shi kuwa awa huɗu gare shi.

"Rayuwar mace mai shekara tamanin da ɗaya a minti biyar!" Har makwabta muka ji. "Mutanen nan ba su da iyaye ne?"

"To ka biya mana," in ji Bu Lastri.

Ya dube ta kamar ta ce ya yanka tsuntsun. Ya gyara zama ya ce shi zai tace, duk inda babu Mbok zai yanke, cikin abin da ya rage a zaɓi mafi kyau.

Ya fara da kaciyar ɗan ƙaninsa: minti arba'in na jawabin mai unguwa. Ya yanke. Sallar shekarar da ya sayi babur: babur ta gaba, babur ta baya, babur da shi a kai. Ya yanke. Tsuntsu, awa ɗaya da rabi. Ƙafafunsa, ranar da ya manta bai kashe wayar ba, minti goma sha ɗaya.

Mbok tana ciki, ba a ce ba ta ciki ba. Ga ta ta gifta bayan mai unguwa da tire. Ga hannunta yana ajiye shayi. Ga bayanta a gaban murhu. Sau ɗaya ta juyo sosai, fuskarta ta cika hoton, ta ce, "Kawar mini da abin nan, Ji, shinkafa na ƙonewa."

Ya jima yana kallon lambar da ke ƙasan allo. Bu Lastri ta ajiye masa shayi.

"Nawa ya rage?"

"Daƙiƙa hamsin da biyu." Ya share gilashinsa. "Ita ce ba ta zama wuri ɗaya."

"Haka ne. Abincin da masu zaman ke ci kuwa daga sama yake faɗowa."

Ya mayar da gilashinsa. Amma mutumin da ya yi wa yayarsa alkawarin fim ba zai fito da abin da bai kai atishawa biyu ba. Manhajar ai gwanar haɗi ce. Ya ɗauki daƙiƙa hamsin da biyun nan ya jera su sau biyar, ya samu minti huɗu da 'yan kai.

Ranar sadaka aka shimfiɗa tabarmi har tsakar gida. Bayan la'asar aka yi addu'a, aka jera kwalayen rabo na shinkafa da soyayyen tempe, irin awarar nan ta waken suya, Pak Darmaji ya kunna talabijin yana gyaran murya.

Mbah Sarinem ta gifta da tire. Mata suka fara share ido. Ta juyo ta yi faɗan shinkafarta, wasu suka yi dariya cikin kuka. Ta sake giftawa da tire. A na uku mai unguwa ya karkata kai, don ya ga kansa yana maimaita jawabi ɗaya. A nan ne Mbah Kromo, tsohon makwabcinta da kunnensa ya yi nauyi har ba ya iya magana a hankali, ya ɗaga murya.

"Allah sarki, Sarinem! Kwana dubu a kabari, har yanzu ba ku bar ta ta huta ba? Tire nawa za ta ɗauka?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Pak Darmaji ya miƙe, gumi har wuya.

"Matsalar manhaja ce, jama'a. Kun san kayan kyauta..."

Ya kai hannu zai kashe. Mbak Warsini ta riƙe masa wuyan hannu, idonta na kan allo.

"Tun na biyu na gane, Ji. Shekara goma, abin da ka samo mana ke nan. Tsuntsunka ya gode."

"Mbak, ai ita ce..."

"Za mu yi wannan maganar, ba ka tsira ba. Yanzu dai zauna, ka tare mini. Ga ta nan za ta juyo."

Ya zauna. Ta juyo.