Sharhabilu da Wayar Kunnensa

Ranar Alhamis ɗin da aka kama Sharhabilu, hadari ya haɗo daga gabas tun da hantsi, ya zo ya tsaya a kan kasuwar Batsari baƙi ƙirin, ya ƙi zuba, ya ƙi tafiya. Iska ta ɗauke ɗif. Zafi ya yi ta dafa mutane a cikin rigunansu. 'Yan hatsi su ja tampol su rufe buhuna, su buɗe, su sake rufewa. Irin ranar nan ce da kowa ke neman wanda zai yi wa faɗa.

Sharhabilu mai ɗinkin buhu ne. In an auna gero ko dawa an cika buhu, shi ake kira ya ɗinke bakin da basilla. Dogo ne siriri, shekara arba'in da ɗaya, kuma tun da yake bai taɓa barin buhu a rabin ɗinki ba. Haifaffen Zakka ne ta ƙasar Safana. Bai yi magana ba sai da ya shekara biyar, ranar da ya buɗe baki kuwa, ce wa kakarsa ya yi tuwonta duk gudaji ne. Ba ya kallon idon mutane. In hayaniya ta yi yawa sai ya toshe kunne ya riƙa rausaya gaba da baya. Aka ce aljanu ne. Rubutun da ya sha, da a kwatarniya aka tara shi da ya shayar da garken tumaki. An yi hayaƙi, an yi tofi, ko aljani ɗaya bai taɓa fitowa ya faɗi sunansa ba.

Sai da ya girma, iyaye suka rasu, 'yan bindiga suka hana noma, sannan yayarsa Hansai ta ɗauko shi ta dawo da shi wurinta a Batsari, inda take suyar waina a bakin kasuwa tun bayan rasuwar mijinta. Ita ce ta taɓa kai shi asibiti a Katsina. Wata likita ta ce ba aljanu ba ne, ba hauka ba ne, haka Allah ya halicce shi, abin ma yana da suna, otizim. Hansai ta ce, to maganin fa? Likita ta ce babban maganin a daina takura masa. Hansai ta gyara mayafi ta ce wannan maganin kam ba a sayar da shi a Batsari.

Abu uku ne ke wahalar da shi a kasuwa. Akwai ƙara: injin niƙa, hon ɗin babura, lasifikar mai maganin basir. Akwai ido. Ko ya juya baya yana jin idon mutane a wuyansa kamar kiyashi na bin fata, yana jin ana cewa, "Dubi yadda yake tafiya," ko da ba a faɗa ba. Sai kuma gaisuwa, wadda ta fi sauran biyun.

Mu nan gaisuwa doguwa ce, kuma kowa da tasa. Wani a durƙusa masa, wani a russuna, wani a ba shi hannu. Kowa ya san wannan ba a koya masa ba, ban da Sharhabilu. Ya taɓa durƙusa wa saurayi don ya ga ya sa babbar riga, ya miƙa wa liman hannu ɗaya yana kallon bango. Ya taɓa tambayar wani lafiyar mahaifinsa, alhali da shi aka kai tsohon makwanci. Aka ce ba shi da kunya, aka ce girman kai ne, aka ce iskanci ne da gangan.

Sai Hansai ta ɗauki aikin koya masa. Kullum da safe tana buga ƙullu yana wanke mata tanda, ta riƙa jero masa mutanen kasuwa ɗaya bayan ɗaya: wannan yaya ake gaishe shi, me ake tambayarsa, me ba a tambayarsa. Matsalar ita ce Sharhabilu ba ya karɓar doka sai da dalili. In ta ce, "Kada ka tambayi wane abu kaza," sai ya ce, "Don mi, Yaya?" Ba zai motsa ba sai ta faɗa. Hansai kuwa mai waina ce, babu gidan da labarinsa ba ya zuwa bakin tandarta da zafinsa. Sai ta faɗa. Shi kuma ba ya mantuwa.

Don haka in ya hango mutum tafe, sai ya yi bitar karatunsa a hankali, leɓe na motsi, kafin mutumin ya iso.

Ƙara kuma ya samo mata dabara. Ya tsinci mataccen iyafis, 'yar wayar nan da samari ke turawa a kunne, ya ga in ya sa ta duniya na ja baya kaɗan. Salula dai ba shi da ita, bai taɓa yi ba. Ƙarshen wayar ya ɗaure shi a jikin ƙwallon goruba ya jefa a aljihu, don kada ta zame, kuma in abin duniya ya dame shi ya sa hannu ya murza ƙwallon. Shekara bakwai yana murza shi, har ya yi sumul kamar ƙwai.

To, a wani garin da an yi dariya an wuce. A Batsari ta shekarun nan kuwa, mutum ya tsaya gefen kasuwa da waya a kunne, yana hangen masu shigowa, yana ambaton sunayensu a ƙasa-ƙasa, suna ɗaya ake ba shi: infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Wanda aka liƙa wa wannan suna ba kotu ake kai shi ba. Ko wata biyu ba a yi ba da 'yan sa-kai suka fita bayan gari da wani mutum, suka dawo ba shi. An daɗe ana raɗa a kan Sharhabilu. Har lokacin da gwamnati ta yanke sabis ɗin waya, kowa na hawa tudu da waya a banza, an ce ai shi tasa ta musamman ce.

Wanda ya fasa maganar shi ne Jinjiri mahauci, wani ƙato da sunan yarinta ya bi shi har furfura. Alhamis ɗin da ta wuce ya ji da kunnensa Sharhabilu na cewa, "Alhaji Nurain na Karare ya iso. Gida biyu. Shanu." Ranar Asabar aka kore shanun Alhaji Nurain kaf.

Yana tsakiyar ɗinkin wani buhun dawa aka damƙe shi. Lawal ne, kwamandan 'yan sa-kai, da rigar layu da bindiga ƙirar maƙera da gemu baƙi wul, tare da mutanensa uku.

"Ban gama ba," in ji Sharhabilu.

"Ka gama, ɗan nema! Yau ka gama!"

Aka ja shi zuwa rumfar Sarkin Kasuwa, dattijon da ke raba rigimar kasuwa. Jama'a ta biyo kamar ana rabon taki. Lawal ya fizge wayar daga kunnensa, sai kasuwa gaba ɗaya ta faɗo masa a ka. Ido ta gaba, ido ta baya, ido har ta saman buhuna. Ya fara rausaya.

"Kalle ni!" in ji Lawal. "Kalle ni cikin ido!"

Sharhabilu ya kalli kafaɗarsa. Iyakar inda yake iya kaiwa ke nan.

"Kun gani ko?" in ji Jinjiri. "Mai gaskiya ne wanga?"

Lawal ya riƙa jan wayar a hankali daga aljihu, mutane na ja da baya kamar maciji zai fito. Sai ga ƙwallon goruba yana lilo.

Wani daga baya ya ce, "A fasa. Mutanen nan da wayo, layin yana ciki."

Aka kawo dutse. Lawal ya buga har sau huɗu kafin ya dare. Aka duba, goruba ce har zuciyarta. Sharhabilu ya sa hannu a aljihu, ya tarar ba komai, ya fito da shi, ya sake mayarwa.

Sarkin Kasuwa ya yi gyaran murya. "Yaro, to da wa kake magana kullum?"

"Da ni, Baba."

"Kana ce wa kanka mi?"

"Gaisuwa."

"To yi mu ji. In ka yi mana ƙarya, ba ni iya hana mutanen nan. Mi ka ce ranar da ka ga Alhaji Nurain?"

Alhaji Nurain na zaune a kan benci, shi ne mai ƙara. Sharhabilu ya kafa ido a kan turken rumfa, ya fara da murya ɗaya kamar mai tilawa.

"Alhaji Nurain na Karare. Babba ne, a russuna. A tambayi gida biyu. A tambayi shanu, yana son a tambayi shanu. Kada a tambayi Makka. Dalili, bai je ba. Jirgi ya tashi ya bar shi, ya yi wata ɗaya da kwana tara a Kano, a can ya sa haƙorin Makkan."

Alhaji Nurain ya rufe baki. Mutane da yawa tari ya kama su lokaci guda.

"Ƙarya yake!" in ji Jinjiri. "Yanzu ya haɗa ta, Baba! Dabara ce!"

"To na Jinjiri fa?" in ji Sarkin Kasuwa.

"Jinjiri. Sa'a ne, a ba shi hannu, a goge bayan ya tafi, ba a gabansa ba. A tambayi kasuwa. Kada a tambayi tabon goshi. In ya ce sa ne ya tunkuye shi, a ce Allah ya kiyaye gaba. Dalili, ba sa ba ne. Muciya ce. Matarsa."

Wannan karon ba wanda ya tsaya yin tari. Wata mai daddawa sai da ta zauna a ƙasa. Sharhabilu ya ƙara sunkuyar da kai. A saninsa, in an yi dariya a inda yake, shi ake yi wa.

Lawal ya buga gindin bindiga a ƙasa. "Wasa muka zo yi nan? Ana maganar tsaro!"

Muryarsa ce ta jawo masa. Sharhabilu ya juya wajen kafaɗarsa.

"Kwamanda Lawal. A ce mashi Kwamanda, in an ce Lawal yana fushi. Kada a kalli gemu, rini ne. Kada a tambayi ranar da aka kai hari Runka."

"Ya isa!"

Amma Sharhabilu in ya fara abu sai ya kai ƙarshe, ko ɗinki ko magana.

"Dalili, a rumbun wata tsohuwa aka same shi. Sai la'asar ya yarda ya fito."

Ɗaya daga mutanen Lawal ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Sharhabilu kuwa ya ɗauka yanzu bi da bi ake so, sai ya juyo ga mai rumfa.

"Sarkin Kasuwa. Babba ne ƙwarai, a durƙusa. Kada a tambayi..."

"An rufe zama!" Dattijo ya miƙe da saurin da ba a san yana da shi ba. "Yaron nan ba shi da laifi! Infoman ina, da goruba? Kai, rufe mashi baki! A'a, kada ka taɓa shi, ku dai yi surutu! Ba ku ganin hadari ne? Kowa ya je ya rufe kayansa!"

Sauran karatun ya ɓace a cikin hayaniya, sai mutum biyu na kusa ne suka ji, kuma har gobe Sarkin Kasuwa na gaishe su da fara'a.

Lawal dai bai haƙura ba. Ya ce, "Wa ya gaya maka waɗannan maganganu?"

"Yaya Hansai."

Tana nan kuwa. Ta baro waina a kan wuta ta kutso da ludayin ƙullu a hannu, mayafi a ɗaure a ƙugu. Ta dubi taron daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ni ce," ta ce. "Shekara nawa kuna kallon ƙanena kamar ya fito da wutsiya? Kun ce bai iya gaisuwa ba, na koya mashi. Mutum ɗari da ashirin ya haddace. Wanda bai ji nasa ba ya tsaya, ba mu sauri."

Ba a taɓa ganin rumfa ta watse da sauri haka ba.

Sharhabilu ya tsince ɓarin gorubarsa biyu da wayar, ya koma layin 'yan hatsi. Sai da ya soki yatsa sau biyu, abin da bai taɓa yi ba, amma ya ƙarasa buhun. Hadarin nan bai zuba ba sai can wajen Safana.

Mako uku bai fito daga ɗaki ba. Hansai ta yi masa bayani ta sake yi, cewa ranar nan ba shi aka yi wa dariya ba. Ya ce, "Don mi, Yaya?" Ta faɗi dalili. Ya saurara, bai ce ya yarda ba. Shanun Alhaji Nurain kuwa ba a sake ganinsu ba, ba a kuma san wanda ya kai rahotonsu ba.

Yanzu Sharhabilu yana nan a layin 'yan hatsi na kasuwar Batsari duk ranar Alhamis, da basillarsa, da wayarsa a kunne, da sabon ƙwallon goruba da bai gama yin sumul ba. Har yau ana kallonsa, yana kuma ji a wuyansa. Amma ba mai jiran ya durƙusa ko ya russuna. Daga nesa ake ɗaga masa hannu a wuce da sauri, kafin leɓensa ya fara motsi.