Gurmin Baba a Rana

Ranar Juma'a na hango mijina ya jingina gurmin mahaifinsa a rana, a barandarmu ta unguwar Abu Hamour a Doha. Nan take idona ya ciko.

Haka surukina yake yi a Zariya. Ba ya taɓa tsirkiya sai ya shanya gurmin, ya kara fatar a kuncinsa ya ji ta yi ɗumi. Har yau ina jin ƙamshin fatar nan. Ranar da ya fara jin ina rera waƙarsa, ɗansa yana bi na da jita, ya yi dariya ya ce, "'Yata, wannan ja'irin ya sa wa kiɗana lantarki, amma muryarki ta gidanmu ce. Kada ku bar fatar ta yi sanyi."

Muna Doha ya rasu, ba mu sami jana'iza ba. Shekaru gurmin yana kwance cikin sanyin esi. Ko wasan suna aka gayyace mu, jita kawai mijina yake iya ɗauka.

Da la'asar ɗin Juma'ar nan mijina ya kara fatar a kuncinsa, sannan ya ce, "Ta yi ɗumi. Fara."

Na fara rera waƙar Baba.

Allah ya jiƙan Baba, kada kiɗansa ya mutu a hannunmu.