Wayar da na jefa a tafki

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru shekarata ta uku ke nan a New York, bizata ta daɗe da ƙarewa, ina jera kaya a wani shago da ke titin 116. A wancan zamanin ko motar 'yan sanda na gani sai in canza hanya, kuma duk wanda ya tambaye ni yaushe na zo ƙasar nan, daga ranar na daina sakin jiki da shi.

A masallacinmu na Bronx na haɗu da wani bawan Allah, mutumin zangon Kumasi, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. A filin jirgi yake aiki, kullum da katin shaida rataye a wuya. Ina kiransa Yaya, shi kuma ya ce mini ƙanena. Yana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin Bahaushe ba: duk bazara sai ya tafi tafkunan arewacin jihar ya yi kwanaki cikin daji da kwalekwale. Ya yi ta nacin in raka shi har na yarda. Ana gobe za mu tashi wani abokin aikina ya ja ni gefe, ya ce in yi hattara, wurin kusa da iyakar Kanada yake, kuma akwai namu da ke kai rahoton 'yan'uwansu ga jami'an shige da fice. Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a rai.

Kwana uku muka yi lafiya, muna tuƙi, muna kafa tanti, muna dafa shinkafa a bakin ruwa. Wayata tun kwana na biyu cajinta ya ƙare. Ranar ƙarshe, da muka idar da sallar asuba, sai na ga Yaya ya canza. Kofin shayi ya suɓuce masa. Ya hau wani dutse inda ake ɗan samun sabis, yana ta gwada kira, ya juya mini baya. Da ya sauko ya ce ba za mu koma ta hanyar da muka zo ba, akwai wata gajeriya ta arewa da ke fita bakin titi. Na tambaye shi dalili, ya ce kawai gajiya ce, ya kau da kai. Maganarsa ma ba ta fita sosai, ni kuwa na ɗauka rashin gaskiya ne ya ɗaure masa harshe.

Muka shiga ruwa, ina gaba yana baya, amma kwalekwalen sai karkata yake gefe guda, ina gyarawa yana komawa. Zuciyata ta ce shi ke nan, kai ni zai yi inda jami'an shige da fice suke jira, kuma da wayarsa suke bin sawunmu. Da muka tsaya a wani tsibiri ya shiga bayan itatuwa kama ruwa, na buɗe jakarsa, na ɗauki wayar na sake ta cikin tafki. Na kuma kafe cewa sai dai mu bi tsohuwar hanya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to, ƙanena, yadda ka ce.

Ba mu yi awa ɗaya ba filafilin da yake tuƙi da shi ya faɗa ruwa. Na waiga na ga bakinsa ya karkace, hannun hagu ya saki. Da ƙyar ya ce in ɗauko wayar in kira agaji. Na durƙusa ina laluben jakar da na san babu wayar a ciki, na ce masa wataƙila ta faɗi. Awa huɗu na yi ina tuƙi ni kaɗai, ina kuka ina salati, kafin mu gamu da wasu Turawa masu kamun kifi suka kira jami'an gandun daji. Babu wanda ya tambaye ni takarda ko ɗaya.

A asibiti likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da an kawo shi tun da safe da abin ya zo da sauƙi. Matarsa ta gaya mini ita yake ta nema a kan dutsen nan, ya ji jikinsa ba daidai ba, bai so ya tsorata ni ne don ya san ban iya iyo ba. Yau yana tafiya da sanda, aikin filin jirgi ya ƙare. Duk Juma'a ni nake riƙe shi mu hau matakalar masallaci, yana nuna ni ga mutane yana cewa ga wanda ya ceci ransa. Har yanzu ban iya buɗe baki na gaya masa ba.

'Yan'uwana mazauna ƙasar waje, na san tsoro, na kwana da shi na tashi da shi. Amma idan ya cika zuciya, ko ciwon ɗan'uwanka ka gani sai ka karanta shi a matsayin makirci. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka dube shi da kyau ka tambaye shi ko lafiya. Ni ban tambaya ba, kuma wani ne yake ɗingishi saboda haka. Ku taya ni addu'a Allah Ya ba ni ƙarfin halin neman gafararsa tun muna da rai.